Adireshin Chika

A layin masu kayan gyaran mota na Sabon Gari, in ka ce kana neman Chibuike sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Ɗan Japan, ko mai tallan ruwan leda zai nuna maka shagonsa. Haifaffen Kano ne, Hausa a bakinsa kamar kakansa ne ya kafa Fagge. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Japan yana kwance injinan tsofaffin motoci a wani fili na bayan gari, har ranar da hukuma ta gano takardunsa sun daɗe da mutuwa, aka sako shi a jirgi da jaka ɗaya tak. Abin da mutane suka sani ke nan. Abin da ba su sani ba, har ƙanwarsa Adaugo da ke kawo masa miya duk ranar Asabar, shi ne ya baro mata da 'ya a can. Yarinyar shekararta shida lokacin, sunanta Chika. Sunan mahaifiyarsu ne ya mayar, aka kuma yi dace Japanawa ma suna sa wa 'ya'yansu shi.

Da farko kunya ce ta rufe masa baki, don bai ga ta yadda namiji zai zauna gaban dangi ya ce an raba shi da 'yarsa yana ji yana gani ba. Daga baya shirun ya yi tsawo har ya rasa ta inda zai fara. Ga shi dama mutum ne mai taurin kai, irin wanda gara ya ɓata a hanya da ya tsaya ya yi tambaya.

Mutanen Japan suna da wata al'ada. Duk ƙarshen shekara kowa yakan rubuta wa nasa katin gaisuwa, gidan waya ya tattara ya ajiye, sai da safiyar ɗaya ga Janairu a kawo wa kowane gida nasa a ɗaure. Wanda katinsa ya zo, yana nan, yana kuma tare da kai. Wanda nasa bai zo ba, ba sai an yi maka bayani ba. Shekara ashirin da huɗu Chibuike yana aika wa Chika kati, ko sau ɗaya bai yi fashi ba, ko sau ɗaya kuma bai ga amsa ba.

Kuma da rubutun Japanawa yake rubutawa. Rubutun nan iri biyu ne a cuɗe. Akwai ƙanana masu sauƙi da ke bin sautin magana, waɗanda yara ke farawa da su. Akwai kuma manya, kowace kalma da nata zane, wata sai ka ja layi ashirin kafin ka gama ta. A bayan kwalayen kayan mota ya koyi manyan, lokacin hutun cin abinci, kuma a duniya ba abin da yake taƙama da shi kamarsu. A ganinsa, ko da yarinyar ba ta tuna fuskarsa ba, za ta ga hannunsa ta san ubanta ba jahili ba ne.

A watan Agustan bana wasiƙa ta zo shago. Yana ganin kan sarkin ya nemi kujera ya zauna. Chika ce. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, da suka zo kwashe kaya ta tarar da katunansa ashirin da huɗu a ƙarƙashin durowa, ita da aka gaya mata tun tana ƙarama cewa ya tafi bai waiwayo ba. Ta ce an sayar da tsohon gidan, ta yi aure ta koma wani gari can arewa, ga sabon adireshinta a bayan ambulan. Ba ta sa lambar waya ba, ba ta sa hoto ba. A ƙarshe ta rubuta cewa in yana raye kuma yana so, ya aiko katin bana zuwa can. In bai zo ba za ta gane, ba za ta sake damunsa ba.

Kwana tara yana yawo da wasiƙar a aljihun gaba, yana tsara amsa a ransa. Rana ta goma yana miƙa wa wani direba fulogin mota sai hannun ya ƙi tashi, bakinsa ya karkace, ya sulale ƙasa. Hawan jini ne da ya daɗe yana raina shi ya kawo shanyewar ɓarin jiki.

Adaugo ce ta yi jinyarsa, wannan kam ba mai ƙwace mata. Ta rufe rumfarta ta garin kwaki da busasshen kifi, ta kwaso tabarma ta dawo falonsa. Ita ta yi masa wanka, ita ta kwashe abin da ba a faɗa, ita ta riƙa ba shi kunu a cokali yana dalala. Da ya soma takawa, ita ke tare masa adaidaita sahu duk Litinin da Alhamis zuwa wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi da ke wajen Rijiyar Lemo.

Cikin wata biyu magana ta dawo, sai ɗan nauyin harshe. Ƙafa ta dawo, hannu ma ya soma riƙe cokali. Ran nan Malama Ruwaida, ma'aikaciyar da ke koya wa marasa lafiya amfani da hannu, ta ajiye masa takarda da biro ta ce, "Baba, rubuta duk abin da ka ga dama."

Ya ce bari ya burge ta. Ya nufi rubuta kalmar da Japanawa ke fara katin sabuwar shekara da ita, wadda ya rubuta sau ashirin da huɗu. Biro ya sauka a takarda ya tsaya. Ya san kalmar, yana jin ta a kunnensa, zai iya faɗinta, amma siffarta babu. Kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an kwashe kaya, sai shacin inda gado yake. Ya gwada kalmar uba, babu. Ya gwada ruwa, wadda ko ɗan aji ɗaya ya iya, hannun ya ja layi biyu ya rasa na uku. Ya koma ƙananan haruffa, sai ga su suna zubowa tsaf, har ya rubuta Chika ba tare da ya yi tunani ba.

Da ya yi mata bayanin bambancinsu, Ruwaida ta zare tabarau ta dube shi. "Ikon Allah! Baba, mun taɓa karanta wannan a makaranta. Ana samun haka ga mutanen Japan in ciwon nan ya same su. Wani ya rasa manyan, ƙananan su tsaya, wani kuma akasin haka, don ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Wallahi ban taɓa zaton zan ga mai shi a Fagge ba."

Shi dai bai ga abin murna ba. Ya ce, "To zai dawo?"

"Sai a hankali, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Amma bari mu gwada wani abu." Ta nemo kalmar ruwan a wayarta ta nuna masa. Yana gani ya gane ta, ya kuma kwafe ta daidai, layi bayan layi. Ta kife wayar ta ce ya sake. Babu.

To, haka abin ya tsaya. In zanen yana gabansa zai karanta, zai kwafa. Da an ɗauke, an ɗauke ke nan.

A gida yana da wani gwangwanin biskit da yake turawa ƙarƙashin katifa. A ciki akwai wasiƙar Chika, da gwajin tsofaffin katunansa da yakan yi kafin ya rubuta na aikawa, da ɗan hatiminsa na Japan mai jan tawada, da wani silin gashin yarinyar da ya yanka tana jaririya, a naɗe cikin farar takarda an ɗaure da jan zare. Ya fito da su ya soma aiki. Daga tsofaffin katunan yake tsintar kalma ɗaya-ɗaya yana jerawa. Layi guda sai ya cinye masa wuni, in layi ɗaya ya karkace ya ture takardar ya ɗauki wata. Adireshin ya fi ba shi wahala. Sunan babban garin kaɗai ya iya karantawa, sunayen unguwa da layi kuwa irin waɗanda sai ɗan gari ya san yadda ake faɗinsu ne, sai dai ya bi su da ido kamar mai zanen hula. Ya kwafe shi ya fi sau arba'in, ko ɗaya bai yi masa ba.

Adaugo tana ganin duk wannan. Ta ga yayanta ya daina fira, ya rage cin abinci, ya duƙufa kan wasu ƙwarangwal na zane yana motsa leɓe, wani lokaci ya yi kuka. Wata rana da hantsi ta kawo masa shayi ta tsaya a kansa.

"Dede," haka take kiransa, irin kiran da ƙanwa ke yi wa babban wa a wajensu, "wai mene ne wannan da kake ta zanawa? Tun da ka fara shi ba ka da sukuni."

Ya rufe takardar da tafin hannu. "Ba ruwanki, Ada."

"Ni ce ba ruwana? Ni da na wanke ka?"

"Na ce ba ruwanki. Ajiye shayin ki tafi."

Ta ajiye ta tafi. Da ya buɗe baki ya yi jimla biyu a wannan hantsin, da labarin nan bai kai a ba da shi ba.

Ruwaida ma ta yi nata ƙoƙarin. Ita kaɗai ya gaya wa cewa kati ne zai aika wa wata 'yar'uwa, kuma dole ya isa kafin shekara ta fita. Ta ce, "Baba, ga Nuwamba ta raba. Ka rubuta da ƙananan mana, ai za ta karanta. Ka kwafi adireshin ko a karkace ne, mu kai gidan waya gobe."

"Ƙananan zalla rubutun yara ne. Shekara ashirin da huɗu tana jiran ta ji daga babba, sai in aika mata da rubutun ɗan firamare?"

"To kawo ambulan ɗin in ɗauke shi a waya, ko don ajiya."

"Ba mai taɓa min shi," in ji shi. Ruwaida ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da murza masa yatsu.

Ranar Laraba ta farkon Disamba ya gama katin. Ya yi kyau, ba ƙarya. Gaisuwa a sama da manyan zane, sannan layi uku: ina raye, ina so, ki yafe mini. Ya sa shi a sabon ambulan, ya rubuta sunanta a tsakiya. Adireshi ya bar wa gobe bayan gashin ƙashi, lokacin da hannun ya fi sakewa. Da safiyar Alhamis ya zura katin a aljihu don ya nuna wa Ruwaida, ya tura gwangwanin ƙarƙashin katifa. Adaugo ta tare masa adaidaita, ta ce yau ba za ta raka shi ba, tana da baƙi.

Baƙin matan ƙungiyar addu'a ne na cocinsu, su uku. Tun makon jiya Adaugo ta kai musu kukanta, babbarsu kuma ta ce ciwon da ya kayar da mutum tsaye, ya tashi yana zane-zanen da ba a san kansu ba, ba na asibiti ba ne kaɗai, a bincika ɗakin. Aka ɗaga katifa. Kowa ya zauna a Kano, Kirista ne ko Musulmi, ya san abin da ake nufi in an tarar da gwangwani a ƙarƙashin makwancin mara lafiya, ciki da gashin mutum a ɗaure da jan zare, da jan hatimi, da takardu masu zanen da ba boko ba, ba Larabci ba. Ba wadda ta tsaya tambaya. Tausayin yayanta da aka daɗe ana ci ba su sani ba ya kama Adaugo.

Shi kuwa a can Ruwaida ta juya katin ta sake juyawa, ta ce ko ba ta iya karantawa ba ta san an yi rubutu. Ya fito yana jin kansa kamar saurayi. A cunkoson shataletalen Bata ma, inda kullum yake zagin masu adaidaita, ran nan har ya ba mai bara canji.

Tun daga bakin ƙofar gida ya ji warin kananzir da waƙar coci. A tsakar gida an ajiye kaskon gawayi, mata uku sun kewaye shi suna tafi, Adaugo tana juya toka da sanda. Gwangwanin biskit yana gefe a buɗe, ya yi baƙi. Adaugo ta hango shi ta taho da gudu, fuska duk hawaye, tana dariya.

"Dede, Allah ya tona musu asiri! Mun gano abin da aka binne maka. Har da gashin mutum, Dede! Duk mun ƙone, har waɗanda suke sa ka kana zanawa. Ko ƙyalle ban bari ba. Daga yau ka warke!"

Sandarsa ta faɗi, ya bi ta ya zauna a kan dakalin rijiya. Ya tambaya a hankali, "Da ambulan mai kan sarki?"

"Shi na fara jefawa."

Matan suka ga yanayinsa, babbarsu ta ce haka abin yake yi in zai fita, kada a damu. Suka yi addu'ar rufewa suka tafi suna yi wa Adaugo barka.

Ya ce wa Adaugo ta kawo masa biro. Ya fito da ambulan ɗinsa ya ɗora a gwiwa. Sau arba'in hannun nan ya bi adireshin, ai ko jaki ne ya san hanyar gida. Ya sa biro a ƙarƙashin sunan. Ya rufe ido yana neman zanen farko. Akwai wani abu kamar rufin ɗaki a sama, ko kuwa a na biyun ne? Lambobin, uku ne kafin bakwai ko bayanta? Ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu, hannun ya tsaya yana jira a gaya masa, ba mai gaya masa. Sunan babban garin kaɗai ya rage a bakinsa, garin da ya fi mutum miliyan. Ko sunan mijinta, wanda take amsawa yanzu, a bayan wancan ambulan ɗin yake.

Baƙin cikin da ya taso masa ya fi na ranar da aka sa shi a jirgi. A wancan karon akwai waɗanda zai tsine wa. Yau kuwa in ya ɗaga ido ƙanwarsa ce da ta kwashe kashinsa, in ya sunkuyar da kai hannunsa ne da ya rufe takarda ya ce ba ruwanki.

Adaugo ta ga ambulan ɗin, murnarta ta koma tsoro. "Dede, akwai saura ashe? Kawo shi nan."

Ta miƙo hannu. Ya riƙe wuyan hannunta da hannun nan mara ƙarfi, ya nuna mata ƙananan haruffa biyu da ke tsakiya. "Kin san me aka rubuta a nan? Chika."

"Sunan Mama?"

"Sunan Mama. Sunan 'yarki kuma." Ya ciro walat, ya zaro wani tsohon hoto da ya koɗe. Yarinya ce mai jar jakar makaranta, goshinta da haƙoranta na gaba sak na mahaifiyarsu. "Shekararta talatin yanzu. Gashinta ne kika ƙona. Wasiƙarta ce, guda ɗaya da ta taɓa rubuto min, da inda take zaune."

Adaugo ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta saki wata ƙara, ta faɗa kan kaskon ta zuba hannu biyu cikin toka mai zafi tana tonawa. "Me ya sa ba ka gaya min ba? Na tambaye ka! Dede, na tambaye ka!"

"Kin tambaye ni," ya ce.

Ta tsinto wani guntu da bai kai farcen babban yatsa ba, gefensa duk ya cinye, ta kawo masa a tafin hannunta da ya soma tashi. Zane ɗaya ne ya tsira a jiki. Ya gane shi nan take, don karatu bai bar shi ba. Kalmar gari ce, wadda ke cikin adireshin kusan kowa a ƙasar.

Ruwaida ta yi kwana uku tana neman Chika a waya. Ta samo ɗaruruwa, ba wadda aka san ko ita ce. Sun aika wani kati tsohon gidan ma da adireshin a rubutun boko, ko wani zai ji tausayi ya tura gaba, duk da Chibuike ya san gidan da aka sayar ba ya tura saƙo. Ainihin katin yana nan kan teburinsa, da suna a tsakiya da layi biyu a ƙasa waɗanda ba su zama komai ba. Adaugo tana nan tana dafa masa abinci da hannu a naɗe da bandeji, ba ta waƙa, ba ya yi mata faɗa, ba kuma sa haɗa ido.

Ya san yadda abin zai kasance, don ya ga safiyar nan sau goma sha ɗaya. Ɗaya ga Janairu mai babur ɗin gidan waya zai tsaya a ƙofar wani gida da ba zai taɓa sanin layinsa ba. Wata mata mai goshin Mama za ta kwance ɗaurin katunan, ta duba su ɗaya bayan ɗaya tana neman kan sarkin Najeriya. Wataƙila ta sake dubawa karo na biyu. Sannan za ta gane, kamar yadda ta yi alkawari, ba kuma za ta sake damunsa ba.